Taɓaryar da Na Miƙa wa Ɗan Gwaggo

A gidanmu na Gusau ni aka sani da rashin ji, yayata kuma ita ake nuna mini a ce in yi koyi. Kafin in gama murza ido ta share tsakar gida, ta dama koko, ta goge kayan makarantarta har da nawa. Ni kuwa idan aka aike ni sayen gishiri, sai an aiki wani ya nemo ni, shi ma a aiki wani ya nemo mu. Saboda haka ranar da aka fara kiran Yaya ragguwa sai na ji kamar an cire mini riga an sa wa wata. Idan lalaci ake nema a gidan, ai ga ni nan zaune.

A hankali abin ya soma. Da safe lafiyarta lau. Rana na ɗagawa sai hannuwanta su fara yi mata gardama. Tana cikin yi mini kitso sai ta sauke hannu ta ce in bari ta huta, ta bar ni da rabin kai kamar gonar da aka fara nomewa aka gudu. Idan ta zauna kaɗan ƙarfin ya dawo, ta ci gaba, ba a jima ba ya sake sulalewa. Wajen la'asar fatar idonta ta hagu ta fara saukowa, zuwa magariba ta dama ta bi ta, sai ta riƙa ɗaga haɓa tana leƙen mutum ta ƙasa. Muryarta ma takan koma ta hanci. Gari na wayewa kuma sai ka rantse ba ita ba ce.

Baba hatsi yake saye a kasuwar Tsafe ya kawo Gusau, kuma a wurinsa ciwon da bai zo da zazzaɓi ko jini ba, shiri ne. Da Inna ta matsa masa, wata ranar kasuwa ya tafi da Yaya wurin wani abokinsa mai shagon magani a Tsafe. Da sassafe fa, lokacin da Yaya za ta iya kokawa da bijimi. Mutumin ya ja fatar idonta ya leƙa, ya ce ta matse masa yatsu, ta matse har sai da ya ƙwace hannunsa. Ya ba ta maganin ƙarin jini, ya ce 'yan matan birni ne, zaman banza ya yi musu yawa. Baba ya dawo da hukunci a aljihu: hutun nan a Bungudu za mu yi shi, wurin yayarsa Gwaggo. Ni in dawo idan an koma makaranta. Yaya kuwa idan ba ta saki lalacin nan ba kafin hutu ya ƙare, can za ta zauna shekara guda tana koyon aiki, makaranta ta jira. Shekarar da za ta rubuta jarrabawar fita sakandare ke nan. Inna ta yi magana, aka ce ita ce ta shagwaɓa ta.

Gwaggo fura take yi ta sayarwa, kuma gidanta ba ya sanin hutu. A surfa gero, a wanke, a kai inji, a haɗa da citta da kanumfari, a cura manyan dunƙule a dafa, sannan a juye su da zafinsu cikin turmi a kirɓa. Kirɓin nan shi ne mugun wurin. Ba kamar dakan hatsi ba ne da taɓarya za ta faɗa ta dawo da kanta. Fura mai zafi kama taɓarya take yi kamar mai jin haushinta, sai an yayyafa ruwa, an murɗa, an fizgo. Mutum biyu ake yi a turmi ɗaya, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Ni da Yaya aka haɗa. Farkon kirɓi ita ke ja na, ni ke haki. Can sai in ji tata taɓaryar ta fara makara, sai ƙwas, sun yi karo a sama. Sai ta jingina tata ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ba gumi, ba haki, hannuwa a zube bisa cinya. Gwaggo ta kalle ta ta girgiza kai, ta ce ƙaninta bai yi ƙarya ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ɗan Gwaggo.

Ƙato ne, ya girmi Yaya kaɗan. A bayan gida yana da sandar ƙarfe da ya cusa a cikin gwangwani biyu cike da siminti, kullum yana ɗagawa yana nishi kamar akuya mai haihuwa. Idan yana tafiya hannuwansa ba sa taɓa jikinsa, ka ce kankana ya saƙala a kowace hammata. Shi ɗan mace, mu 'ya'yan namiji, wato taubasai muke, kuma kowa ya san taubashi yana da izinin tsokanarka a gaban uwarka da ubanka, kai kuma ba ka da izinin yin fushi. Ya riƙe wannan izini kamar takardar gado. Shi ya raɗa wa Yaya suna kazar magariba. Da yamma sai ya zo ya tsaya a gabanta, ya runtse ido ɗaya, ya ɗaga haɓa, ya yi mata sallama ta hanci. Ya koya wa yaran unguwa, har ya zama idan muka fita ɗebo ruwa sai ka ga jerin yara kowa da ido ɗaya a rufe, kamar annoba ta shigo Bungudu.

Na kai ƙara wurin Gwaggo. Ko ɗagowa ba ta yi daga curin fura ba, ta ce, "Wasan taubasai na, ba a shiga."

Yaya ba ta taɓa rama ba. Wata yamma na same ta a bayan rumbu ta buɗe littafinta, ta sa yatsa ta tokare fatar idonta tana karatu. Ta ce layukan biyu-biyu take gani, amma idan ta rufe ido ɗaya suna haɗewa. Ta tambaye ni saura yaushe a koma makaranta, alhali ta fi ni sani. A wurin na yanke shawarar cewa ƙaton nan sai ya ɗanɗana. Baba ya fi ƙarfina, mai shagon magani yana Tsafe, amma wannan ga shi a hannu, kuma izinin da yake taƙama da shi ni ma ina da irinsa.

Makamin da na ɗauka a aji na samo shi. Malamar bayolojinmu ta taɓa sa mu ɗaga hannuwa sama saboda surutu, sannan ta tsaya a gabanmu cikin jin daɗi tana bayanin abin da ke faruwa a kafaɗunmu. Ta ce tsoka tana da ɗan guzurin da take ajiyewa na gaggawa, idan aka yi aiki da ƙarfin tsiya nan da nan yake ƙarewa. Kuma muddin tsokar na ɗaure, tana matse hanyoyin jininta da kanta, sabon guzuri bai shigo sosai ba, tarkacen aikin bai fita ba, sai zafi, sai rawa, har ƙwaƙwalwa ta fara janye umarni ko mutum ya so ko bai so ba. Ta ƙara da cewa wanda ya saba ɗaga abu mai nauyi ya ajiye, ba lalle ne ya iya ƙaramin aiki mai tsawo ba, kowane da irin horonsa. Darasin da na riƙe ke nan a shekarar, domin a kafaɗata aka rubuta shi.

Dama ta zo da aka kawo wa Gwaggo aikin furar suna, mai yawan da za ta ciyar da garin Rawayya da kewaye. Ranar abokan ƙaton suna zaune a zaure, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa ya naɗe hannun riga yana ba su labarin damtsensa. Na ɗaga murya yadda za ta isa zaure, na ce wa Yaya na gano sirrin gwangwanayen nan, soso ne a ciki aka shafe da siminti. Na ce abin tausayi, tsohuwa tana kirɓa turmi guda ita kaɗai, ɗanta yana can yana shayar da gwangwani.

Ya leƙo ya ce namiji ba ya taɓa taɓarya.

Na ce, "Haka duk masu tsoronta ke cewa. Wadda kake kira kaza ma tana kai rabin turmi. Kai ko rubu'i ba za ka kai ba."

Wani a zaure ya fashe da dariya, sauran suka taya shi. Da wata ce ni, da ya make ni. Amma taubashiya ce, sai dai ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce a kawo turmin. Na ce da sharaɗi: shi kaɗai, ba ajiye taɓarya, sai fura ta yi laushi. Ya ce ko turmi biyu ne a jera.

Akwai wata taɓarya a gidan da ba mai amfani da ita, da ita ake tokare ƙofar garke. Ina jin tun zamanin kakan kakanmu aka sassaƙa ta, daga itacen da ya ƙi mutuwa. Ita na jawo masa da hannu biyu, na ce wannan ce ta maza. Na zaɓo dunƙulen da suka fi girma da zafi na cika turmi. Ƙwaryar ruwan yayyafi kuma na ɗauke ta na zauna a gabanta, na baza zane. Gwaggo tana kallo daga bakin murhu. Abokansa suka cika bakin zaure, yara suka hau katanga.

Bugun farko, kaji suka watse, ƙasa ta motsa, na tabbata har a garin Nahuce an fito ana tambayar ko lafiya. Ya yi na biyu, ya yi na uku, yana waiwayen zaure. Mace idan tana kirɓi gwiwa da ƙugu ke aiki, tana ɗaga taɓarya ta sake ta, nauyinta ya yi sauran. Shi kuwa da damtse yake danƙara ta har gindin turmi, furar ta rungume ta, sai ya koma fizga da damtsen dai, wani lokaci har turmin ya biyo shi sama. Ana biyan wahala sau ɗaya, shi yana biya sau biyu, kuma ba ɗigon ruwa.

Ba a daɗe ba waiwayen ya tsaya. Gumi ya fara daga goshi, ya sauko ya jiƙa riga, ya wuce ya nemi wando. Taɓaryar da take wuce kansa ta koma tsayawa a goshi, daga nan a ƙirji. Na shiga yi wa jama'a bayani kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo: yanzu guzuri ya ƙare, yanzu tarkace ya taru, ku dubi kafaɗar hagu ta fara rawa, ta dama na nan tafe. Ya ce in rufe masa baki, amma rabin maganar haki ne. Jijiyoyin wuyansa suka fito kamar igiyar guga. Ya ciji leɓe, ya tattaro abin da ya rage ya ɗaga, taɓaryar ta tashi kamar taƙi ɗaya ta koma. Ya sake umartar hannuwan, suka yi kamar ba da su ake ba. A ƙarshe taɓarya ta tsaya cak a cikin fura da ƙafarta, shi kuma yana rataye a jikinta. Yatsunsa ma sun ƙi buɗewa, sai da wani abokinsa ya shigo ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaggo ta taso, ta ture ni daga kan ƙwaryar, ta yayyafa ruwa, ta ɗauki taɓaryarta ta kullum ta ƙarasa tana hira da maƙwabciya ta kan katanga. Ƙaton ya ce mata ai cuta aka yi masa, an ɓoye ruwa, an ba shi gungume. Ta ce, "Wasan taubasai na." Daɗin da na ji a ranar, da ana zuba shi a kwalba da na sayar.

Washegari abin ya fi armashi, domin ciwon irin wannan aiki sai an kwana yake isowa da kayansa. Rigarsa sai da ƙaninsa ya sa masa. Kabbarar sallah a daidai ƙugu ya yi ta. Ƙuda ya sauka a hancinsa, sai dai ya hura masa iska. Na bi shi duk inda ya shiga ina miƙa masa abubuwa daga sama.

Da yamma masu suna suka aiko da soyayyen nama. Na shimfiɗa tabarma ɗaya, na zaunar da Yaya, na kira ƙaton na ce ya zo ga rabonsa. So nake ya zauna kusa da wadda yake yi wa dariya, kowa ya gan su tare. Nama ya fi girman kai ƙarfi, ya zo. Ba ya iya kai hannu baki, sai ya riƙa sunkuyar da kai yana tarar naman a hanya, yana cewa wash, yana ci kamar ba gobe. Yaya kuwa, wadda a Gusau sai an ɓoye mata nama, ta ɗauki tsoka ɗaya ta fara tauna. Taunar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ta sa tafin hannu ta tallafi haɓarta tana taimaka mata. Daga baya ta juya ta fitar da naman a hannu, ta ture kwanon.

Na buɗe baki zan fara sharhi, sai na ga Gwaggo ta daina abin da take yi. Ta jima tana duban wannan, tana duban wancan. Ta matso ta danna damtsen ɗanta, ya yi ƙara har awaki suka amsa. Ta danna na Yaya, shiru.

Ta ce, "Ba ya yi miki ciwo?"

Yaya ta ce, da muryar nan ta hanci, "Bai taɓa ciwo ba, Gwaggo. Kiransa nake yi, ba ya amsawa."

Gwaggo ta zauna a bakin tabarma. Ta ce ita tun tana tsayin taɓarya take daka, ta ga gajiya iri-iri, ta ga ta mai ciki, ta ga ta mai azumi, ta ga ta maƙaryata. Amma ba ta taɓa ganin gajiyar da ba gumi ba ciwo ba, wadda ke hawa har fatar ido, kuma duk raggayen da ta sani a duniya ba wanda ya taɓa gajiya da naman suna. Ta sa yatsa ta ɗaga fatar idon Yaya, ta saki, ta sauko a hankali kamar labule. Ta ce gobe Gusau. Na tambaya ko za a gaya wa Baba. Ta ce ita ta goya shi, ba izininsa take nema ba, sanar da shi za ta yi.

A asibiti muka sha zaman layi, kuma zaman ya zame mana matsala, domin Yaya ta huta sarai. Lokacin da aka kira mu idanunta tar, kamar an wanke. Baba ya iso daga Tsafe da ƙurar buhu a rigarsa, ya dube ta ya dubi Gwaggo, ya ce ga shi nan abin da yake faɗa. Na fara zuba wa likitar bayani tun daga kitso, Baba ya ce in yi shiru, ita kuma ta ce a bar ni in gama. Da na gama sai ta ɗaga biro sama ta ce Yaya ta kafa masa ido kada ta sauke. Muna tsaye muna kallo fatar idon hagu ta fara zamewa, ta dama ta biyo ta. Ta sa ta miƙe hannuwa gaba, suka yi ta nutsewa. Sannan ta aika aka kawo ƙanƙara a leda, ta ɗora a kan idon na ɗan lokaci. Da ta ɗauke, ido ya buɗe tangararan.

Ta yi wa Baba bayani a hankali. Ta ce tsokar Yaya ba ta lalace ba, kuma ba ƙin aiki take ba. Tsakanin jijiyar da ke kawo umarni da tsokar da ke karɓa akwai wata 'yar mahaɗa, garkuwar jikinta ce ta yi kuskure take toshe wuraren karɓar saƙon. Saƙon farko yakan wuce, amma idan aka yi ta maimaitawa sai ya riƙa isa da rauni har ya kasa tayar da tsokar. Shi ya sa hutu da sanyi ke taimaka mata, aiki da zafin rana ke kayar da ita. Ta ce za a yi gwajin jini a tabbatar, akwai magani, kuma masu ciwon suna karatunsu suna aikinsu. Amma ta ja kunne cewa ciwon yana iya taɓa haɗiya da numfashi, don haka ba yarinyar da za a ajiye nesa da asibiti a bakin turmi ba ce.

Na zuba wa Baba ido ina jiran ya ce wani abu mai kama da ban haƙuri. Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Ya tambayi likita ko za ta iya zama jarrabawa. Ta ce me zai hana, a dai nema mata wurin zama mai inuwa, ta sha magani a kan lokaci. Iyakar abin da na samu ke nan, kuma har yau ina ganin an rage mini. Gwaggo dai ta karɓi nata a bakin ƙofar asibiti, inda ta wanke shi tas a gaban masu sayar da ayaba, shi kuma yana ta ce wa yayar tasa to, to.

Daga asibiti gida muka wuce da Yaya, ba ta koma Bungudu ba. Kayanta ne suka rage a can, Gwaggo ta ce ɗanta zai kawo. Ni aka aika tasha in taro shi, saboda bai san sabon gidan da muka koma ba. Na same shi tsaye kusa da akwatin ƙarfe da buhun littattafai, hannuwan har yanzu ba su gama yafe masa ba. Ya tambaya da ƙaramar murya ko jikin nata da sauƙi. Na ce da sauƙi. Ya ce mu tari mai keke, na ce ai ba nisa, nan ne bayan wancan masallacin. Na taimaka masa ya ɗora akwatin a ka, na ɗora buhun a kai.

Gidanmu yana hannun dama. Na yi hagu. Na bi da shi ta cikin kasuwa, na tsaya na gaisa da wata ƙawata, na gaisa da kakarta, na tambayi lafiyar kowa a gidansu har da wanda ke Legas. Muka zagaya ta Tudun Wada, inda na tuna ashe na ɓata hanya. Duk masallacin da muka wuce sai ya tambaya ko shi ne, in ce na gaba. Lokacin da muka iso ƙofar gida wuyansa ya shige cikin kafaɗu, ƙafafunsa na kaɗawa kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Yaya tana tsakar gida ta sha maganinta, idanu biyu a buɗe, tana goge farar rigar makaranta. Ta ce masa sannu da hanya, ya kai mata kayan ɗaki, littattafan kuma a saman kantar ɗakin take son su, can sama.